Likitocin Gefen Titi: Masu Taruwa Idan Mota Ta Mutu Ta Ƙi Tashi

Injin fetur abubuwa huɗu yake buƙata: mai, iska, wuta da matsi, kuma dole huɗun su haɗu a daidai lokacin da ya kamata. Fistin ya sauka ya zuƙo iska da fetur, ya hau ya matse su, fulogi ya ƙyasta wuta, abin ya kama ya tunkuɗa fistin ƙasa, hayaƙi ya fita ta salansa. Ko awon ma sananne ne, kusan kilo 14.7 na iska ga kowane kilo 1 na fetur. Don haka idan mota tana cikin tafiya ta mutu, aka yi mata ki ta ƙi tashi, ɗaya daga cikin waɗannan ne ya yi ɓatan dabo, aikin mai bincike kuwa shi ne ya bi su ɗaya bayan ɗaya har ya gano wanda ba ya nan. A gareji aikin minti 20 ne. A gefen titi, a ce tsakanin Kwanar Ɗangora da Tashar Yari, yana iya cin yini sur, domin ɗaga bonet tamkar shela ce. Ko a dajin da babu bukka ko ɗaya, kafin hayaƙi ya lafa sai an ga mutum bakwai sun sunkuyar da kai cikin inji, kowa da cutar da ya gano.

Na farko a cikinsu shi ne mai motar, kuma shi ya fi kowa ɓata sawu. Ya ɗauka taurin kai injin ke yi irin na jaki, sai ya murɗa makulli ya danne. Kik an yi shi ne ya yi aikin daƙiƙa 10 zuwa 15 ya huta, amma shi sai ya ji muryarsa ta fara dusashewa yake saki. Ƙafarsa kuma tana kan totur kamar tela a kan keke. A tsohuwar mota mai kafireto kowane taku feshin fetur ne, har fulogi su jiƙe su daina kama wuta. Kafin kowa ya iso ya riga ya ƙara wa motar ciwo na biyu, ya tsiyaye batir, don haka duk wanda ya zo daga baya ciwon da aka ƙirƙira yanzu zai fara gani. Magana ɗaya yake da ita, yana maimaita ta ga duk mai wucewa: "Wallahi lafiyarta ƙalau, shekaranjiya aka yi mata sabis."

Sai Sarkin Batir. Tun daga nesa, kafin ya ga ko wace irin mota ce, ya yanke hukunci. "Alhaji, batir ne." A hannunsa akwai dutse, da shi zai ƙwanƙwasa kan batir, idan an bar shi ya leƙa ƙasa ya ƙwanƙwasa kik ma. Ba a raina shi gaba ɗaya ba, domin tambayar farko a binciken a gonarsa take: injin yana juyawa ko ba ya juyawa? Idan an murɗa makulli aka ji ƙyas kaɗai, ko shiru, fitilu suka dushe, hon ya yi kukan ɗan akuya mai mura, to maganar ta batir ce, ko kan batir da ya yi farin gari ya saki, ko kik ɗin kansa. Cikakken batir yana nuna volt 12.6 idan inji a kashe yake. A nan dutsen Sarki yakan ci nasara, saboda bugun yana motsa kan da ya saki. Amma idan inji yana juyawa da ƙarfinsa, gur-gur-gur, ya ƙi kamawa, batir ya fita zargi, ko da yake Sarki ba ya yarda. Akwai kuma abin da bai taɓa zama a kansa ba: motar da ke tafiya alteneta ce ke ciyar da ita, tana ba da wajen volt 14. Idan alteneta ta mutu ko bel ɗinta ya tsinke, sai motar ta koma cin batir a hankali har ya ƙare, sannan ta tsaya. A sa mata sabon batir, za ta tashi, Sarki ya karɓi godiya, ta sake mutuwa a gaba inda ba ya nan.

Bayansa rundunar turi ke zuwa. Su ba ruwansu da dalili, magani ɗaya suka sani. A cikinsu ba a rasa madugu, mutumin da ke tsaye a gefe da babbar riga yana "Ku tura! Sa ta a giya biyu! Saki kuloci!" wanda yatsansa ko ɗaya bai taɓa jikin motar ba. Akwai mai ɗora hannu ɗaya yana amsa waya da ɗayan. Akwai kuma yaro guda mai zuciya wanda a gaskiya shi kaɗai ke tura motar. Turi yana maganin batir mai rauni ko mataccen kik, a mota mai kuloci. Ba ya kawo fetur, ba ya kawo wuta. Mota atomatik kuwa ko an tura ta har Zariya ba za ta tashi ba, amma wannan bai taɓa hana a gwada ba. Amfanin da aka fi samu shi ne motar ta bar inuwar bishiyar da ta mutu a ƙarƙashinta ta koma tsakiyar rana.

Idan an gaji, sai wani mara kunya ya yi tambayar da kowa ke tsoro: "Wai ma akwai mai a ciki?" Babu zagin da ya fi wannan zafi ga mai mota. Zai nuna allurar geji, zai rantse ya sha mai a Kura. Abin da ba zai faɗa ba shi ne allurar ta daina motsi tun bara, kuma man da ya sha lita uku ne. Tun da aka cire tallafin fetur a ranar 29 ga Mayu 2023 kuɗinsa ya ninka, tankuna da yawa suka manta yadda cika take, wannan kuma ya haifi wata cuta. Famfon mai, wanda kanikawa ke kira fuwal fam, a yawancin motocin yanzu cikin tanki yake zaune, fetur ɗin ne ke sanyaya shi. Wanda kullum ke yawo a kan jar fitila dafa famfonsa yake yi a hankali. Gwajin ba wuya: a yi shiru, a murɗa makulli har fitilun gaban direba su kama ba tare da an tayar ba, a kasa kunne wajen kujerar baya. Lafiyayyen famfo yakan yi zuuu na daƙiƙa biyu ya tsaya. Wahalar gwajin ɗaya ce, ba a taɓa samun shiru a wurin ba. Idan ba a ji komai ba, fiyus da rile ake fara dubawa kafin a zargi famfo, domin su ne masu araha, kuma su ne ba wanda ke tunawa da su.

Mai wannan tambaya yana da ƙane, wato Mazuƙi. Shi ne zai cire tiyo ya kafa baki ya zuƙa, ya furzar, ya goge gemu, ya ce, "Ba mai." Hanya ce da ta yi aiki a zamanin da famfo ke jikin inji. A motar injekta man yana tafiya da matsin kusan ba 3, wanda ya kwance tiyo da ganganci yana iya yin wanka da fetur kusa da inji mai zafi. Shi ne kuma ya san ɗan bumburutu mafi kusa, da na'urar gwajinsa ta hanci. Zai shinshina galan ya ce mai kyau ne. Zargin gurɓataccen mai ba tatsuniya ba ce, a farkon shekarar 2022 an shigo da fetur mai yawan sinadarin metanol cikin Najeriya, motoci da dama suka kwanta. Ruwa ma yana shiga tanki, ya kwanta a ƙasa tun da ya fi fetur nauyi, famfo ya fara zuƙo shi. Alamar wannan ita ce mota ta fara shaƙewa da tari jim kaɗan bayan an sha mai. Sai dai tun daga waccan shekarar, Mazuƙi ya samu wanda zai ɗora wa laifin komai, har fashewar taya.

Daga nan sai dattijo, tsohon direban Fijo. Wannan a girmama shi, domin iliminsa na gaske ne, lokacinsa ne ya wuce ya bar shi. Ya tuƙa 504 tun ana haɗa ta a Kaduna, inda aka fara aiki a 1975, ya san muryarta kamar ta uwargidansa. A zamaninsa direba da sukudireba ɗaya da ƙyallen sanfefa yana tayar da matacciyar mota: ya buɗe distiributa ya goge kwantak, ya hura jet ɗin kafireto, ya ɗiga fetur a maƙogwaronta, shi ke nan. Yanzu zai naɗe hannun riga, ya sunkuya kan wata Corolla, ya yi ta dube-dube, ya ɗago. "Ɗana, ina kafireton?" A ce masa, "Baba, ai ba ta da shi." Sai ya girgiza kai irin na wanda aka gaya wa an haifi yaro babu hanci, ya ce, "To ai ka ji ciwon."

Duk da haka shi ne ke kawo gwajin wuta, kuma gwajin daidai ne. A cire fulogi ɗaya, a mayar da shi cikin wayarsa ko kwayil ɗinsa, a jingina ƙarfensa da jikin inji, a yi ki. Idan an ga tartsatsi shuɗi mai ƙarfi, wuta na nan. Fulogin ma yana ba da labari: idan ya fito a jiƙe yana warin fetur, mai na zuwa, wuta ce babu, idan ya fito a bushe bayan an daɗe ana ki, mai ne ba ya isowa. Inda Baba ya bambanta da littafi shi ne wurin awo. Yakan kira yaron mota, "Kai, zo riƙe nan." Kwayil na tura volt sama da 20,000. Idan yaro ya yi tsalle ya ambaci sunan uwarsa, Baba ya ce akwai wuta. Idan yaro ya tsaya ƙyam yana kallonsa, babu. Ba a taɓa ganin Baba ya riƙe da hannunsa ba, abin da ke nuna ya san aikin sosai.

Mafi ban sha'awa a duk taron shi ne Mai Sa'a, kuma sai an san sensar kirank ake gane shi. Wata 'yar na'ura ce da ba ta wuce babban yatsa ba, tana zaune kusa da kirankshaf tana gaya wa kwamfutar mota, wadda ake kira biren bokis, inda fistin yake da saurin juyawar inji. Idan ta yi shiru, kwamfutar ba ta san lokacin da za ta saki wuta da mai ba, sai ta riƙe duka biyun. Halinta idan ta fara tsufa shi ne ta yi aiki lafiya da sanyi, ta ɗauke idan ta yi zafi. Mota na cikin gudu sai ta mutu tsit kamar an zare makulli, babu tari babu gargaɗi. A yi ta ki a banza. Bayan rabin awa ko fiye, inji ya huce, a taɓa makulli ta tashi kamar ba ita ba. Famfon mai da kwayil da rile masu gajiya su ma suna wannan wasan.

To a cikin rabin awar nan kowa ya gwada nasa ya kasa. Sai ga wani ya iso a makare, ya zagaya motar sau ɗaya, ya girgiza wata waya da ba ta da alaƙa da komai, ko ya buɗe murfin tanki ya rufe, ko ya yi tofi a kan sitiyari, ya ce, "Yi mata ki mu gani." Ta tashi. Faɗuwa ta zo daidai da zama. Daga ranar ya zama ƙwararre a ƙauyensu, kuma ya yi imani da wayar nan har zuciyarsa, duk motar da ya tarar sai ya nemi irinta ya girgiza. Ba maƙaryaci ba ne, da idonsa ya gani. Mai motar zai ba shi na goro ya kama hanya da murna, sensar kuma ta fara ɗumama.

Akwai Maciri, bakaniken da ya yi imani Turawa sun cika wa mota tarkace. Duk abin da bai gane ba sai ya zare, ya ce, "Oga, wannan na ƙasar sanyi ne." Shi ne ke cire tamostat ya haɗa fanka kai tsaye, shi ne ke maye fiyus da ya ƙone da silin waya. Fiyus dai ƙonewa aikinsa ne, yana mutuwa don waya ta tsira. Idan aka hana shi, sai wayar ta ƙone a madadinsa, wani lokaci da motar. Aljihun Maciri kullum da ragowar notina.

Kishiyarsa shi ne Mai Kwamfuta, matashi da jaka a kafaɗa. Tun 1996 doka ta wajabta wa motocin da ake sayarwa a Amurka wata kafa mai rami 16 a ƙarƙashin sitiyari, Turai ta bi baya, kuma tun da yawancin motocin ƙasar nan na hannu ne daga can, kusan duk suna da ita. A soka na'ura a nan, mota ta faɗi inda ke mata ciwo da lamba. P0335, alal misali, tana nuni ga layin sensar kirank. Layin ta ce, ba lallai sensar ba, yana iya zama waya ce ɓera ya ci ko soket ya saki. Mai Kwamfuta na kirki yakan bi layin da mita. Na bogi yakan karanto lambobi tara da Turanci, ya rubuta kaya tara a sayo a Ƙofar Ruwa, sannan ya danna maɓallin gogewa, fitilar gargaɗi ta mutu, ya ce an gyara. Kuɗin sokawa daban, kuɗin gogewa daban. Na'urar kuma ba ta da lambar da ke cewa tanki ya bushe.

Idan rana ta yi gora sai Mai Baƙin Albishir ya matso. Ba ya taɓa komai. Hannunsa a baya, ya saurari ki sau ɗaya, ya ja tsaki, ya ce a hankali, "Sai haƙuri, Alhaji. Inji ya buga." Abin takaici, wani lokaci yana da gaskiya, domin matsi da lokaci su ne suka rage a jerin, kuma su ne masu tsada. Idan bel ɗin tayimin ya tsinke, bawul sun daina motsi, kik yakan juya inji da wani sauri mara nauyi, wiiii, kamar babu komai a ciki. Yawancin masu ƙera mota suna so a canja shi a wajen kilomita 90,000 zuwa 100,000, yawancin masu mota kuma suna jira ya canja kansa. A wasu injuna, irin na Camry mai lita 2.2 ta ƙarshen shekarun 1990, sabon bel kaɗai ake sawa a wuce. A wasu, irin na Honda Accord ta zamanin, fistin yakan daki bawul ya lanƙwasa su. Idan kuma zafi ne ya kashe motar, a zaro sandar awon baƙin mai: ya koma kalar shayi da madara, gaskit ya ƙone, ruwa ya shiga. A nan ne wani jarumi ke kai hannu zai buɗe murfin lagireto da zafinsa, a nan ne kuma ya kamata a riƙe masa hannu. Injin da ya bushe babu baƙin mai ya ƙame, ko da sifana ba ya juyuwa. Abin lura game da Mai Baƙin Albishir shi ne hukuncinsa ba ya canjawa ko fiyus ne ya ƙone, kuma kullum yana da ƙane mai sayar da injin Beljiyom, lamba tana bakinsa.

Duk wannan lokaci akwai wata Hajiya a kujerar baya da ƙafarta ɗaya a waje tana fifita da gefen mayafi. Tun farko ta ce ta ga wata jar fitila mai hoton akwati ta kama tun daga Chiromawa, ta kuma ji wani abu ya yi fat a gaba. Ta faɗa sau biyu. An ce mata, "Hajiya, ki dai yi mana addu'a."

Na ƙarshen isowa shi ne bakanike na gaske, yawanci a bayan babur, da safa ɗaya cike da sifanu. Ana gane shi da rashin gaggawa. Kafin ya taɓa ƙarfe sai ya yi tambaya: yaya ta mutu? Wadda ta yi ta tari tana ja da baya kafin ta tsaya, mai take nema. Wadda ta ɗauke lokaci guda, wuta ce ko sensa ko tayimin. Wadda fitilunta suka yi ta dushewa, caji ne. Wadda ta mutu bayan ta keta ruwa mai zurfi, kada a sake yi mata ki sai an cire fulogi, domin ruwa ba ya matsuwa, yana lanƙwasa ƙarfe. Zai tambaya ko da makullin asali ake tuƙi ko yankakke, saboda motar da ke da tsaron makulli ba ta sakin mai ga baƙon da ba ta sani ba. Zai tambayi abin da aka taɓa kafin zuwansa, nan take wurin ya yi shirun da aka nema ɗazu aka rasa. Shi kaɗai ne kuma ke juyawa ya ce, "Hajiya, me kika ce kin gani?" Ta maimaita. Ya leƙa gefen inji, ya zaro guntun bel ɗin alteneta da ya maƙale, ya ɗaga shi sama.

Sai a tura yaro gari ya sayo bel, a ari batir daga wata mota. Sarkin Batir ya ce ai tun farko ya faɗa. Baba ya ce a Fijo da igiyar wando zai ɗaure shi ya kai Kaduna. Madugun turi ya matso kusa da tagar direba yana goge zufa, don a nan ake rabon na goro, kuma bisa al'ada kasonsa ya fi na yaron da ya riƙe wayar fulogi.